Kalmar da Ta Ɓata wa Mama Phoebe Rai

Ɗan Iya, Bauchi

'Yata Radiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Azare, ya ɗalibanki? Kunnena ya yi nauyi, waya ba ta yi mini, shi ya sa na rubuto.

Ƙungiyarmu ta ungozoma za ta karrama waɗanda suka shekara talatin a aiki. Na cike takarda, sai suka maido mini da ita, wai in yi "substantiate". Ke ce malamar Turanci. Maƙaryaciya suke ce mini? Takarduna gara ta cinye, ƙaramin asibitin da na yi aiki a ciki kuma an rushe shi. In zagi ne, na haƙura da karramawar.

Taki,
Mama Phoebe

Azare

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wallahi ba zagi ba ne. Ma'anarsa ki kawo hujjar da za ta tsaya wa maganarki. Kowa haka suke rubuta masa. Kin tuna ina ƙarama, in na ce na haɗiye magani, sai ki ce, "Buɗe baki in gani"? To, shi ke nan fa.

Ki je ofishinsu ranar Asabar da hantsi. Sauran ki bar mini.

'Yarki,
Radiyya

Ɗan Iya

Radiyya, ja'ira,

Ina gaisuwa. Ashe gayya kika yi! Na sauka daga keke na tarar da mutum arba'in da ɗaya, duk ni na yanke musu cibi. Wanki Abdulbaqi yana gaba da gemunsa. Wasu sun taho da iyayensu mata tun daga Ƙofar Ran. Wata tsohuwa ta ce wa sakatare, "Rubuta! Wannan matar ta daka mini tsawa ina naƙuda, har yau ban yafe ba." Sai ta rungume ni, muka yi ta kuka. Sakataren ya sa hannu a tsaye, don har kujerarsa an ba wata.

Amma ke ban gan ki ba. Abdulbaqi ya ce likita ya hana ki doguwar tafiya, yana ta murmushi. Shekara tara ina yi miki wannan addu'ar. Wata nawa?

Mamanki

Azare

Mama,

Barka da arziki. Bakwai ne. Tsoro ya sa na yi shiru, har yanzu ma ina jin sa.

Na gyara miki ɗaki. Ki zo ki daka mini tsawa.

A huta lafiya,
Radiyya