Ranar da Alhaji Ya Shigo Zaure

Makarfi

Zuwa ga ƙanwata Rahmatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da mutanen Paki. Ya damina?

Kada hankalinki ya tashi. Ɗanki Huzaifa ya yi karo da wani ɗan wasan Ikara wajen kama ƙwallo, kai da kai. Likitocin bakin fili suka yi abin da suka saba: suka fasa masa ledar ruwan fiyawata a ka, suka tambaye shi sunansa. Da ya faɗa daidai aka tafa, aka mayar da shi raga. Sai da ya dawo gida yana amai na kai shi asibiti. Likitan gaske ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza: ba ƙwallo, ba kallon waya, sai ya sake duba shi.

Wata ma'aikaciyar jinya, Jamila, ta saka shi a zauren WhatsApp da ta buɗe wa 'yan ƙwallo da 'yan dambe da suka bugu a ka, daga nan har Kudan. Ni ne sakatarensa, ina kunna masa muryoyinsu. Kin san ra'ayina kan waya, amma na ji abin mamaki: samarinmu suna faɗin gaskiyar jikinsu. Wani ƙaton ɗan dambe daga Taba ya ce hasken rana kuka yake sa shi. Huzaifa ya yi dariya, sannan ya ce shi ma in ya yi ruku'u ƙasa juyawa take yi. Gida ɗaya muke kwana, amma a zauren na fara jin wannan.

Ki gaida kowa.
Yayanki, Ya'u


Makarfi

Rahmatu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, zauren ya yi baƙo. Alhaji Usmanu, uban ƙungiyar su Huzaifa, ya ce ina aka taɓa dubiya ba dattijo. Ya haifi Jamila a shekaru, ba ta iya ce masa a'a ba. Ya shigo da doguwar sallama, ya jawo koci.

Yanzu kullum da safe yana kiran yaran da sunayensu yana tambayar ya jiki. Kin san amsar da aka koya mana tun muna goye: da sauƙi. Daga ranar jiri ya ƙaura daga Makarfi da Ikara da Kudan baki ɗaya. Duk karatuna ban taɓa cin karo da magani mai saurin wannan ba.

Huzaifa ya karɓe wayarsa. Wasan ƙarshe yana Kudan ranar Asabar, kuma ba su da wani golan. Na je na roƙi Alhaji, sai ya kunna mini muryar yaron yana cewa da sauƙi. Na hana Huzaifa fita, ya sunkuyar da kai ya ce to. Kin san "to" ɗin samari.

Yayanki, Ya'u


Zariya

Rahmatu,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki.

Ranar Asabar, aski Huzaifa ya ce mini za shi. Ashe raga ya je ya tsaya. Gwiwar wani ta same shi a ka, kuma wannan karon da suka tambayi sunansa bai amsa ba. Muna asibiti. Ya farfaɗo, sai dai hannunsa na hagu ba ya riƙe kofi, kuma da sunan marigayi Baba yake kira na.

Zauren ya cika da hotunan hannaye masu addu'a. Jamila ta buɗe wani zauren ba dattijo, ana ta cewa ba ta da tarbiyya.

Jiya Alhaji ya zo da ledar lemo, ya tsaya a kan yaron ya ce ya jiki. Huzaifa ya daɗe yana lalubo kalmomin, sannan ya ce da sauƙi. Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce ai ga shi na ji da kunnena.

Ki taho gobe. In kin zo kada ki tambaye shi jiki, na hore shi da kyau, ba zai gaya miki ba. Ki miƙa masa kofi kawai.

Yayanki, Ya'u