Hannun Da Kuka Ce Ya Warke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin jigilar kaya da na yi wa tuƙi a Arlit,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan buro, wato ofis, gaba ɗaya, ni ne Hamidu, direban kamyo, wato babbar mota, ɗan Tawa mazaunin Akokan, wanda kake gani a bakin ƙofarka yana tallafe da hannun dama kamar jariri. Na rubuto a fili ne saboda maganar da aka yi a kaina ma a fili aka yi ta.

Na ɗaya, yadda abin ya faru. Ka san tun da tawaye ya yi zafi ba ma bin hanyar Agadas sai cikin ayari da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya jiran kowa. Taya ta fashe mini a daji da kayan kamfaninka a baya. Ina cikin gaggawar canza ta, ƙarfen gefen taya ya kufce ya yanke ni a wuyan hannu. Na ɗaure da rawani, na ƙarasa da motarka gari, ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. An ɗinke ni, an yi mini allurai, fata ta haɗe sumul. Amma ƙaramin yatsana da rabin na kusa da shi suka mutu murus, wajen tabon kuma ya koma kamar an ajiye garwashi. In hannun riga ya goga wurin, zafi. Sitiyari ya yi karkarwa a kan hanya, sai in ji kamar na kama wayar kuran, wato lantarki.

Na biyu, abin da ya faru a buronka. Da na kawo kukana, ka kama hannun ka juya shi, ka ce, "Hamidu, wannan ai ya fi nawa kyau." Aka yi dariya, har ni. Daga nan ka ce ko in koma sitiyari, ko in shiga cikin waɗanda za a sallama, tunda farashin uraniyom ya faɗi, aiki ya ja baya. Faɗuwar farashi gaskiya ce, kowa a garin nan ya ji ta a tukunyarsa. Abin da ba gaskiya ba shi ne sunan da ya biyo ni daga buron nan har kasuwa, wai ciwon lalaci nake yi.

Na uku, gida. Matata Buzuwa ce, 'yar Gugaram. Fari ya gama da dabbobin danginta, yayanta Agali ya kwaso iyalinsa ya sauka a wurina. Ranka ya daɗe, ka san gaisuwar Buzaye: a shafa tafin hannu a janye, a sake shafawa a janye, ana tambayar yara da gajiya da zafin rana har sai an gama da kowa. Da Agali ya miƙo hannu sai na ɓoye nawa a baya don gudun zafi. Mutumin da ya rasa raƙumansa ya zo gidan mijin ƙanwarsa, aka hana shi hannu! Ya fara naɗe tabarmarsa zai tafi, da ƙyar matata ta tsayar da shi. A masallaci ma an fara cewa Hamidu ya yi girman kai. Da wane abu zan yi shi?

Na huɗu, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. Agalin nan ne, bayan ya huce, ya matsa sai da na je asibiti a Agadas. Na samu wata likita 'yar Damagaram. Ba ta tsaya kallon kyan tabo ba. Ta riƙa ƙwanƙwasa hannun da yatsa a hankali, tana gangarowa. Da ta iso kan tabon na zabura har kujera ta faɗi. Ta ce, "Yauwa, Malam Hamidu, ga mai ƙarar nan ta yi magana da kanta."

Ga bayanin da ta yi mini, gwargwadon yadda kan direba ya ɗauka. Ban da jijiyar jini, akwai jijiyar ji, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓawa da sanyi da zafi. A cikin ƙwayoyin jijiyar akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, iri-iri, kowane da aikinsa. Idan jijiya ta tsinke, wasu daga cikinsu su ne ke tura ta ta sake tofo, tana rarrafe a hankali zuwa yatsa, wasu kuma suna taka mata birki. Akwai kuma waɗanda suke kamar ƙofofi a jikin jijiyar, idan sun buɗe ne saƙon zafi ke tashi. To, idan wasu zaren jijiyar suka kasa samun hanya, sai su cukurkuɗe a tabo, ƙofofin nan su taru a wurin su yi yawa, su riƙa buɗewa da ɗan abu kaɗan, ko ma ba komai. Kamar oda ce da ta maƙale: ba kowa a hanya, tana ta ihu. Na tambaye ta ko akwai yadda za a cire mata waya. Ta yi dariya ta ce masana na kan neman yadda za a rufe bakin ƙofofin nan ba tare da an hana tofon ba, amma tukuna. Ta ba ni maganin da ke rage ihun, ta koya mini shafa wurin da auduga don ya saba, ta ce mai yiwuwa a yi wa tabon aiki nan gaba. Sitiyarin kamyo kuwa, ta ce in manta da shi yanzu.

Don haka ina roƙon Mai Girma Shugaba:

A ba ni aikin da hannu ɗaya zai iya, ko gadin ƙofa ko tsara fitar motoci. Na san kowace kamyo a garejin nan da tarinta.

A faɗa a gaban abokan aikina, a wurin da aka yi dariyar, cewa Hamidu ba maƙaryaci ba ne. Wannan ya fi mini na farkon, ko da yake tukunya ba za ta yarda da ni ba.

Kuma duk wanda ya ji rauni a kamfanin nan ya ce yana jin zafi bayan fata ta haɗe, a tura shi wurin mai duba jijiya kafin a raɗa masa suna. Ba ni kaɗai ba ne, wasu kunya ce ta rufe musu baki.

Ba zan rufe ba sai na yi maka albishir. Shekaranjiya ina alwalar azahar, na ji sanyin ruwa a gindin ƙaramin yatsan nan, karon farko tun da na ji raunin. Na maimaita wanke hannun har ladan ya tayar da iƙama. Ita dai jijiya, duk da ba a biyan ta, tana kan aikinta. Saura naka, ranka ya daɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare motocinka a hanya, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasar nan, ya kuma hana ka sanin irin wannan ciwo ko a yatsa ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hamidu Direba, Akokan.