Yadda Na Tsallake Sunan Jikana

Yakasai, Kano,
9 ga Maris.

Zuwa ga malamina kuma aminina, Malam Mikail,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gumel baki ɗaya. Yaya ƙafar? An ce min yanzu har masallaci kana zuwa ba sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan sai godiya, kuma uwargidana Hajiya 'Yardada tana gaishe ka da kyau.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. To, kunnenka ya yi nauyi, ni kuma idan na fara wannan magana da baki kuka ne zai ƙwace min. Ban da haka, kai ka koya min riƙe biro a ajin yamma ina da shekara hamsin da biyu, saboda haka ka daure ka karanta abin da ka shuka.

Malam, ina jin an ga Yusuf.

Ka tuna shekara shida ke nan da 'yan ta'adda suka shiga garin da ɗana Modu yake sana'ar bandar kifi a bakin Tafkin Chadi. Modu a ranar suka kashe shi. Matarsa Safiya ta iso Kano bayan kwana goma sha ɗaya da kumburarrun ƙafafu, goye da ƙaramar 'yarsu. Amma ɗansu Yusuf, wanda yake ɗan shekara goma, hannunsa ya suɓuce daga nata a turmutsutsun hawa kwalekwale. Tun daga nan ba amo ba labari.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekara biyu bayan haka, wani ofishi da yake haɗa iyalan da yaƙi ya raba ya liƙa jerin sunayen yaran da sojojin Chadi suka kwaso daga tsibirai suka kai wani sansani a ƙasarsu. Shafi goma sha huɗu ne. Yarinyar da take aiki a wurin ta ce, Baba kawo in duba maka. Na ce mata a'a 'yata, ni ma na yi boko. Na gyara tabarau, na sa ɗan yatsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka koya mana. Ina neman Yusuf mai harafi biyar da Modu mai harafi huɗu. Ban gan su ba. A shafi na tara dai na ci karo da wani suna da ya kusa karya min harshe, na karanta shi Yo-us-so-uf Mo-do-u. Har na yi murmushi, na ce ko wace ƙabila ce wannan, Allah ya haɗa shi da nasa. Na wuce. Na dawo gida na gaya wa Safiya babu shi.

Ranar Litinin ɗin nan wani Alhaji Musa, mutumin Damagaram, ya zo rumfata ya zaɓi huluna, ya ce a aika masa da su ta mota. Ya karɓi biro ya rubuta sunansa a jikin ƙunshin. Na duba na ga Moussa. Ni kuma da ƙaramin sanina na ce, Alhaji ka ɓata sunanka. Ya yi dariya ya ce haka makarantar Faransa take rubutawa, a wajensu sai an haɗa o da u kafin a samu u. Na ce ya rubuta min Yusuf. Ya rubuta. Malam, allurar da take hannuna ban san lokacin da ta shige yatsana ba.

Washegari na koma ofishin. Sun duba kwamfuta, sunan yana nan, Youssouf Modou, kuma an rubuta cewa yaron ya ce yana da kaka mai ɗinkin hula a Kano. Sun ce kada in saki jiki, masu wannan suna da yawa a wajen tafki. Hajiya kaɗai na gaya wa. Safiya ban faɗa mata ba. Na riga na karya mata zuciya sau ɗaya da bakina, ba zan ƙara ba sai na tabbatar.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Malama da yara.

Ɗalibinka,
Babagana Mai Hula.

Yakasai, Kano,
2 ga Afrilu.

Malam Mikail,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya zafi? Takardarka ta iso hannuna. Na ga inda ka ce laifin naka ne tunda ba ka koya mana Faransanci ba. Na gode da lallashi, amma kai ka sha gaya mana cewa wanda bai gane ba ya tambaya. Girman kai ne ya hana ni, kuma shekara huɗu yaron ya yi yana biyan kuɗinsa.

Shi ne, Malam. Alhamdu lillahi, shi ne.

Ranar Alhamis da hantsi suka haɗa mu ta waya a ofishin. Na tafi da tambayoyi cike da kai, sunan kakansa na wajen uwa, tabon da yake gwiwarsa, da sauransu. Sai na ji wata murya ta babban mutum ta yi sallama. Na ce a raina ba shi ba ne. Hausarsa ta yi tsami, Barbarci da Larabcin Chadi sun cinye ta, ni kuma ka san Barbarcina na gado ne kawai, tun kakana muke Kano. Muka yi ta ina kwana ina gajiya kamar baƙi a tasha. Can sai a hankali ya ce, tsoho, har yanzu ba ka sakar min matata ba? Ka san wasan jika da kaka. Duk zuwansu hutu da wannan yake shigowa gidan, ya ce Hajiya matarsa ce, ni na tsufa in ba shi wuri. Na ce masa, ja'iri, da me za ka ciyar da ita? Daga nan sai ma'aikaciyar ta karɓi wayar daga hannuna.

Da yamma na tafi Ƙofar Na'isa, gidan iyayen Safiya, na gaya mata komai har da maganar shafi na tara. Na zaci za ta juya min baya. Sai kawai ta tambaye ni ko yana cin abinci.

Saura abu ɗaya da yake hana ni sakewa. Ashe kafin sojojin su same shi ya yi wata bakwai a hannun mutanen nan a tsibiri, yana yi musu itace da ɗiban ruwa. Saboda haka idan an kawo shi Maiduguri sai jami'an tsaro sun tantance shi kafin su ba mu. Ba wanda ya iya gaya min kwana nawa. Kuma magana ta riga ta fita unguwa. Wata maƙwabciya ta tambayi Hajiya wai ba ma tsoron kawo ɗan daji cikin yara.

A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa na shiga uku. Ka san ni da Malam Hashim tela mun daɗe a kan cewa abin kunya ne ƙasa mai girman tamu ta jira sojan maƙwabta, kuma Turawan da suke ba da jirage da shawara ba don Allah suka zo ba. Sule direba shi kullum cewa yake mai gobara ba ya tambayar gugan wa ne. Yanzu da na zauna sai ya ce, Alhaji, yau a wane layi za a yi sallah? Hashim kuma ya ce kada in bari ɗa ɗaya ya sa in manta da dubu. Na ce musu ku bar ni in ga jikana tukuna, sannan in dawo mu raba duniya.

Ka ci gaba da addu'a, musamman a kan tantancewar nan.

Naka,
Babagana.

Yakasai, Kano,
20 ga Mayu.

Malamina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Malama, ina gaida duk wanda ya ci karo da kai yau. Idan ka ga rubutun ya karkace, ba mantuwa na yi ba, sauri nake in ba ka labari.

Yusuf yana gida.

Kwana ashirin da uku jami'an tsaro suka riƙe shi. Na tare a Maiduguri gidan wani ɗan'uwa, kullum da safe in je in zauna a benci a bakin ƙofarsu, har masu gadi suka fara kirana Baban Benci. Ranar Talata wani jami'i ya fito da fayil, ya ce ba su same shi da komai ba, in sa hannu. Kafin in sa na ce ya karanta min takardar tun daga sama har ƙasa, ya kuma bayyana min abin da ban gane ba. Ya yi.

A mota ya ba ni labari kaɗan kaɗan, ban matsa masa ba. Ya ce ranar da aka kai hari tsibirin, jirgin sama ne ya fara zuba wuta, kuma wutar ba ta bambanta mai bindiga da wanda aka kama ba. Wata tsohuwa da take ɓoye masa ƙanzo a nan ta mutu. Bai san jirgin na wace ƙasa ba ne. Bayan haka wani sojan Chadi ya tsince shi a cikin ciyawa da ƙaya a ƙafa, ya saɓa shi a kafaɗa har bakin ruwa, yana ta yi masa faɗa da yaren da ba ya ji. Bai san sunansa ba. Na gaya wa su Hashim wannan jiya. Hashim ya riƙe maganar jirgin, Sule ya riƙe ta sojan, kowa ya ce ka ji ko. Ni dai na ce su biyun a jikin yaro ɗaya suka faru, kuma duk sallah ina yi wa sojan nan da tsohuwar nan addu'a tare.

Mun iso Yakasai wajen azahar. A zaure Hajiya ta tare mu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, wane irin miji ne wannan, shekara shida ba aike ba cefane. Ta juya wai za ta duba tukunya, muka ji ta a kicin tana kuka. Maƙwabciyar nan ma ta shigo da kwanon fura, ba wanda ya tuna mata komai.

Safiya ta zo gidanmu tun safe, tana tsakar gida ta kasa zama. Malam, yaron ya fi ni tsawo, har gashin baki ya fara fito masa. Da muka shigo ta dube ni, ta dubi saurayin da yake gefena, sai ta leƙa bayanmu. Idonta yana ƙasa, daidai ƙugu, inda kan ɗan shekara goma zai kai. Ta sake leƙawa har zaure. Ta ce, Baba, ina yake? Yusuf ne ya gane. Ya saki jakarsa ya durƙusa a gabanta har kansa ya sauko daidai inda take nema, ya ce, Ya Safiya, kamar yadda yake kiranta yana ƙarami. Sai a lokacin ta gan shi.

Za mu yi saukar Alƙur'ani da walima ranar Juma'a ta sama. Ƙafa ko ba ƙafa sai ka zo, Sule ya ce shi zai ɗauko ka har ƙofar gida.

Wassalam. Ni ne naka har kullum,
Babagana, kakan Yusuf.