Ragon da Aka Lulluɓe

Anka, 21 ga Yuli, 1983

Zuwa ga Yaya Mainasara, malamin Larabci a Gummi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina Turai, ina yara? Mu nan Anka lafiya lau, damina ta yi kyau, maigidana Halilu yana gaishe ka.

Bayan haka, Yaya, ba labarin daɗi nake rubuta maka ba. Ran kasuwa na gamu da Gidaɗo, Bafulatanin nan mai sayar da dabbobi da ke shiga garinmu Tungar Maiturare, ya ce mini an tuɓe Baba daga limanci. Baba fa! Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana jan sallah. Na ce Gidaɗo, ji tsoron Allah. Ya ce da idonsa ya ga dogarin Maigari ya fito daga zaurenmu riƙe da sandar huɗuba, sandar nan da ba ta taɓa kwana wani gida ba tun kakan Baba.

Wai laifinsa ke nan: Alhaji Bature, wanga mai neman kujerar majalisa, yana son in an sauko Juma'a kowane magidanci ya dafa Alƙur'ani ya rantse shi zai zaɓa. Maigari ya kira Baba ya ce shi zai riƙe Alƙur'anin. Baba ya ce shi gaban mutanen gari duka anka tsayar da shi, ba gaban rabinsu ba. Shi ke nan fa abin da ya ce.

Yaya, kai ke rubuta wa Alhaji Bature wasiƙunsa, har gaban motarsa kake zama kana baza babbar riga. To ga ranar amfanin zaman gaban mota. Ka je ka roƙe shi a mai da wa Baba sandarsa. Kuma ka bincika mini wane marar kunya ne zai iya miƙa hannu ya karɓe ta, in san sunan da zan riƙa tsinewa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hamsatu

*

Gummi, 2 ga Agusta, 1983

Zuwa ga 'yar'uwata Hamsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Wasiƙarki ta iso, na kuma fahimci abin da ke cikinta. Iyali suna lafiya, suna amsawa.

Bayan haka, ina jan hankalinki da ki rage zafi. Al'amarin mulki ba a kallonsa daga bakin murhu. Duk wanda ya karanta tarihi ya san tun zamanin Fir'auna babu sarkin da bai ajiye mai yi masa addu'a ba, kuma babu limamin da ya zauna lafiya yana jayayya da mai gari. Haka aka yi kafin Turawa su zo, haka aka yi da suka zo, yau kuma mai ƙuri'a ne a sama. Baba mutumin kirki ne, amma zamani ya wuce shi.

Na sami Alhaji kamar yadda kika nema. Ya ce maganar mayar da Baba ta mutu. Har sun shirya kawo wani mutum daga Bukkuyum, wanda ko alwala sai a hankali. Da na ga sandar za ta bar gidanmu har abada, sai na yi tunanin abin da ya fi zama maslaha. Saboda haka ina sanar da ke cewa ranar Juma'ar da ta wuce Maigari ya naɗa ni limamin Tungar Maiturare. Sanda tana gida. Ina fata za ki ga hikimar da ke ciki.

Wassalam.
Yayanki, Liman Mainasara

*

Anka, 9 ga Agusta, 1983

Yaya Mainasara,

Gaisuwa dai don Inna ta hore mu da ita, ba don raina na so ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Sau uku na karanta takardarka, na miƙa wa Halilu na ce karanta mini, ƙila idona ne. Ashe marar kunyar da nake nema cikinmu ɗaya da shi! Na aike ka ka karɓo wa Baba sandarsa, ka karɓo ka riƙe?

Kuma don Allah ka bar ni da Fir'aunanka. Ni bakin murhu nake, gaskiya ne, amma daga nan ma ina hango wanda ya tsallake ubansa. Ka ce sanda tana gida. Wane gida? Inna ta aiko ƙanwarmu Kulu ta faɗa mini komai. Ta ce ranar da ka fara huɗuba, kai ka riƙe Alƙur'anin magidanta sunka yi layi suna dafawa, kanka a ƙasa. Ta ce Baba yana sahun baya wajen takalma, ya bi ka sallah har sallama, ya dawo gida, kuma tun ranar ba ya cin tuwo sai an matsa. Wannan ita ce hikimar da zan gani?

Ka sa hannu wai Liman Mainasara. To ka ji da kyau. Duk garin su kira ka Liman, har jakunan kasuwa su kira ka, ni Hamsatu bakina ba zai taɓa kiran ka da sunan nan ba. Liman ɗaya na sani, yana zaune a zaure ba sanda.

Hamsatu

*

Tungar Maiturare, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, 1983

Hamsatu,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Halilu. Ban amsa waccan wasiƙar ba don ba ni da abin cewa. Yanzu ina da shi, kuma gara ki ji daga bakina.

Kin san al'adar garinmu. Ran Sallah ba mai sa wuƙa a wuyan dabbarsa sai liman ya yanka tasa a filin idi, sa'annan Dabo maharbi ya harba bindiga kowa ya ji. Kin kuma san Baba, duk jajiberi sai an kawo masa ragon liman ya duba da hannunsa, haƙori, kunne, ido, ƙafa, don layya ba ta yiwuwa da dabba mai aibi. Mun sha riƙe masa igiya muna yara.

Bana Alhaji Bature ya ci zaɓe, ya ce shi zai ba da ragon liman. Na aika a kawo jajiberi in duba, anka ce mini kyautar manya ba a buɗa mata baki. Na ƙyale ban duba ba, Hamsatu. Laifina ke nan.

Da safe muna idar da sallah sai ga mota ta sauke rago, ƙato kamar maraƙi, an lulluɓe shi da atamfa mai hoton Alhaji tun daga ƙaho har gindi, ana ta tafi. Na ɗauki wuƙa. Sai na ji filin ya yi tsit. Na ɗaga kai, ga Baba ya taso daga sahun baya, yana jan ɗan ragonsa da ya yi wata takwas yana ba dusa da hannunsa. Kowa ya ɗauka ya zo ya yi nasa yanka ne ya raba gari biyu, har dogarai sunka yunƙuro.

Bai dubi Maigari ba, bai dubi Alhaji ba. Ya sa hannu ya ɗage atamfar daga kan ragon. Wallahi Hamsatu, idon hagu a mace yake, fari fat. Ashe Gidaɗo ya san ragon tun kasuwar Gummi, girmansa kawai yaran Alhaji sunka duba, shi ya zo ya sanar da Baba jajiberi da la'asar.

Na ce yau kashina ya bushe, zai tona ni gaban duniya, kuma na cancanta. Sai ya miƙo mini igiyar ragonsa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce, “Liman, wancan bai yi layya. Yanka wanga, jama'a na jiran ka.”

Liman ya ce mini. Baba!

Alhaji ya matso ya ce mini a kunne, “In ka kunyata ni gaban mutanena, ka san sauran.” Maigari yana harara ta. Ga wuƙa a hannuna, ga rago biyu. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Na dai ga hannun Baba a kan igiya, tsufa ya kama shi ban lura ba. Na kwantar da ragonsa na yanka. Dabo ya harba bindiga. Alhaji ya shige mota ko sallama babu, ya bar ragonsa tsaye da atamfa tana ja a ƙasa.

Shekaranjiya dogari ya zo ya karɓi sanda. An ba mutumin nan na Bukkuyum. Jiya kuma takarda ta same ni, an ɗauke ni daga makarantar Gummi an jefa ni wani ƙauye bayan Adabka, inda mota ba ta shiga da damina. Na karɓi sandar nan don kada ta bar gidanmu, ga shi da hannuna na fitar da ita. Inna tana ta kuka. Baba kuwa bana bai yi layya ba, karo na farko tun da ya yi aure, don ragon ya zama nawa. Na durƙusa gabansa in roƙi gafara, ya ce in tashi, la'asar ta yi, in shiga gaba in ja su shi da Inna. Na kasa ƙare Fatiha.

Ban nemi ki yafe mini ba. Na dai faɗa miki.

Mainasara

*

Anka, 26 ga Satumba, 1983

Zuwa ga Liman,

Gaisuwa da girmamawa. Ina tafe ran Laraba da motar kasuwa. Ka ce wa Inna ta share hawayenta, ta ajiye mini soyayyen naman nan ko tsoka ɗaya ce. Ka ce wa Baba na ce ya ci tuwo.

Allah ya ƙara wa Liman lafiya.

Ƙanwarka, Hamsatu