Layin Jan Ƙyalle

Litinin, 3 ga Maris

Ikon Allah! Tumatirin layin jan ƙyalle ya ƙi yin yaushi. Shi ne layin da muka zuba wa ɓuntun shinkafa maimakon ƙasa, muke ba shi rabin ruwan da sauran ke sha, don mu ga iya juriyarsa. A kan wannan gwajin kaɗai aka ba mu tallafin binciken, kuma da shi zan kammala digirina. Amma ga shi kore shar, har ya fi masu shan ruwa su ƙoshi. Na auna, na sake aunawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Farfesa ya shigo rumfar shukar, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mutumin da yabo ke masa wuya kamar cire haƙori, yau har da cewa na iya aiki. Kafin azahar ya buga wa masu tallafin waya, wai su zo su ga abin mamaki.

Baba na kan bencinsa a bakin ƙofa yana ta murmushi. Tun da ya tashi daga ciwon nan nake zuwa da shi wurin aiki, don zaman gida shi kaɗai na cinye shi.

Talata, 18 ga Maris

Innalillahi. Na manta wayata na dawo daga ofis, sai ga Baba a layin jan ƙyalle da gorar ruwansa, yana bin tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi tun yaushe, ya ce tun ranar da ya ga sun sunkuyar da kai. Shi a zatonsa jan ƙyallen alamar marasa lafiya ce.

"Uwata, kullum kina tsallake su, na ɗauka aiki ne ya yi miki yawa. Mai rai yana jin ƙishi a gabana, in zuba masa ido?"

Na ɗaga masa murya. Ni, ga Baba. Ban san ina da irin wannan muryar ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban ci komai ba. Zuciya na ce min wa ya gani?

Juma'a, 21 ga Maris

Na faɗa wa Farfesa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce duk abin da muka auna ya tashi a banza, a zubar, a sake shuka. Shi zai ji da masu tallafin, amma in aka sake kuskure sai dai in nemi wani malamin. Kuma kada wanda ba ma'aikaci ba ya ƙara taka rumfar. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baba ya daina tambayar ko gobe da aiki. Yana zaune a tsakar gida, rediyo a kashe. Na ba shi haƙuri, ya ce ai shi ne mai laifi, tsufa ne. Gara ma ya zage ni.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sabon layin ya yi yaushi yadda ake so, Farfesa ya ce yanzu ne muke bincike na gaskiya. Ganyen sun nannaɗe, sun rataya, wasu sun fara ja-ja a gefe. Da can ko a jikina, yau kuwa sauri nake in auna in bar wurin.

Tukwanen da aka ce a zubar na roƙa, na loda su a bayan mota zan kai wa Baba. Ba don komai ba, asara ce kawai ba na so.

Da zan rufe rumfar na tsinci kaina a gaban na ƙarshen layi, mafi ƙanƙanta, gora a hannuna, har na buɗe murfin. Na daɗe a tsaye. Sai na kafa kai na shanye ruwan tas, alhali ba ƙishi nake ji ba.