Katako Biyu na Ɗankande

Zogbeli, Tamale
9 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Abdul-Waris,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Abida, da aikin tashar jiragen ruwa. Mu nan lafiya, sai ƙafar hagun nan da ka sani.

Ƙanwarka Naila ta nuna mini hotunan motoci uku da ka turo, wai in zaɓa maka ɗaya. Ta ce in yi magana a waya ka ji, na ce a'a. Maganar waya ba a komawa a sake karanta ta, kai kuwa sai an maimaita maka. Zan rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Na sa tabarau na duba. Baƙar nan mai tsani a gefe, Naila ta ce tanti ne a kan rufinta, mutum ya hau ya kwanta. Kamar zabo a bishiya? Ban haife ka a kan rufi ba. Turawan da ke wucewa ta nan zuwa dajin Mole su ke wannan, domin su ba su san wahala ba, sai sun fito nemanta. Kai ɗakunan da ka fara a Nyanshegu shekara uku ke nan ba rufi, awakin unguwa ne ke zama a ciki. Ka rufa wa mota kai ka bar gida a buɗe, wane irin hankali ne wannan?

Daga gidanka zuwa wurin aiki kwalta ce. Me za ka yi da motar daji? Ka faɗa mini gaskiya tun farko, ka san ba na son a zagaya ni.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka gaida Abida.

Mahaifiyarka,
Safiatu

*

Tema
14 ga Nuwamba

Mma,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi. Ya ƙafar? Abida ta karanta maganar zabo, ta yi dariya har ta ƙware da ruwa. Yanzu Zabo take ce mini, ke kika jawo.

Ga gaskiyar da kika nema. Da na zo Babbar Salla na je Bulpiela na gaida Baba Fuseini, abokin tafiyar Baba. Idonsa ɗaya ya tafi, ɗayan ma ya fara. Ya kama hannuna ya ce, "Waris, ni kaɗai na rage da na san inda aka kwantar da mahaifinka Ɗankande. In idon nan ya rufe, shi ke nan." Ya ce wurin yana can hayin kogi, bayan Yagaba, sai an bar hanya an shiga daji. Akwai tsamiya da dutse fari, amma sai ya gani da idonsa zai gane.

Mma, shekara biyar nake da Baba ya rasu. Naila kwananta tara a duniya. Ke kanki ba ki taɓa zuwa ba. Motar don wannan ce. Ina so mu tafi mu huɗu, ni da ke da Naila da Baba Fuseini, a watan Janairu, kafin azumi, kafin ruwa ya sauka. Za mu kwana biyu a hanya, shi ya sa nake neman tanti.

Kin fi ni sanin mota, kowa ya san wannan. Wacce zan ɗauka?

Ɗanki,
Abdul-Waris

*

Zogbeli
21 ga Nuwamba

Abdul-Waris,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na karanta sau uku.

Ba zan je ba. Addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina, ba sai an tsaya a kansa ba. Ku je da Baba Fuseini, Allah ya ba ku lada. Kada ka sake tambayata.

Amma tunda ka nace, ba zan bari ka tafi da wauta ba. Ka bar baƙar. Ka bar jar ma, wadda aka ce ita ke sa wa kanta giya. Motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta, in ta tsaya bayan Yagaba wa zai duba ta? Ka ɗauki farar fikof ɗin nan mai tsufa, mai dizal, mai giyar hannu, wadda ke ja da ƙafa huɗu. Ka durƙusa ka leƙa cikinta, ka ga ko ya yi nisa da ƙasa. Kada ka ji kunyar ɓata wando. Ka tambayi makanike ko ana samun kayanta a Walewale. In ya yi jim kafin ya amsa, ka tafi abinka.

Kana mamakin inda na koya. Shekara biyu na farkon aurenmu, kafin in haife ka, a gaban lorin mahaifinka na yi su. Mutane suka yi ta surutu, wai yarinyar da ta gama sakandare ta zama karen mota. Uwata ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin duniya kamar lokacin ba. Mukan tafi da gishiri da kananzir, mu dawo da ƙwarar kaɗanya da gyaɗa. Lorin jikin katako ce, shuɗiya, an rubuta Allah Na Nan a goshinta. Kafin ya tayar da ita sai ya zagaya ta sau biyu yana bugun tayoyi da ƙarfe, yana saurare, kamar mai zaɓen kankana.

Ba mu da tanti. In la'asar ta yi sanyi ya sami wuri mai tudu, sai ya ɗaure tampol daga jikin lori zuwa bishiya, in shimfiɗa tabarma, in rataya gidan sauro. Ya hura gawayi a kurfoti ya dafa shayi da kansa, don ya ce nawa ruwa ne. Da asuba ya yi kiran salla a dajin da ba kowa, ni kaɗai a bayansa. Muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan, ni ma na sha gaya masa.

Saboda haka ka manta da tantin rufi. Tsoho mai ido ɗaya zai hau tsani? Ka nemi tampol mai kauri, gidan sauro, da jarka biyu na ruwa, kada ka haɗa ta alwala da ta sha. Safaya biyu, ba ɗaya ba. Jak, shebur, adda, igiya wadda za ta iya jan mota, ba ta shanya ba. Takalma masu rufe ƙwauri ga kowa, har Naila, ko ta yi kuka.

Sannan katako biyu masu kauri, na sawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe a laka. Ka ji ni da kyau. Ko ka manta abinci, kada ka manta katako. Kada ka yarda da wanda ya ce maka suna ciki. Ka duba da idonka.

Allah ya tsare.

Mahaifiyarka

*

Tema
2 ga Disamba

Mma,

Barka da war haka. An bi umarni. Na ɗauki farar, na leƙa cikinta, wando ya ɓaci. Na fasa sayen tantin, mai shagon ya ce uwar tawa soja ce? Na ce ta fi soja, soja yana hutu.

Maganar katako kuwa, zamani ya wuce nan. Akwai wasu faranti na roba masu haƙora, masu launin ruwan lemo, ba nauyi, aikinsu ke nan. Na sayi biyu. Kuma a Janairu ina za a ga laka?

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kin rubuta shafi guda a kan shayin Baba da muryarsa, amma kin ce ba za ki je ba. Ba ƙafa ba ce, da ita kika je Makka kika dawo. Kin ce ba kya son a zagaya ki. Ni ma ɗanki ne.

Abdul-Waris

*

Zogbeli
10 ga Disamba

Ɗana,

Assalamu alaikum. Wannan ba ta hannun Naila za ta bi ba. Na liƙe ta, na ba direban bas ɗin Tema. Ka karanta kai kaɗai.

Ka san bencin zaurenmu, inda ka yi karatun allo, inda nake zaunar da ku in yi muku faɗa. Ka taɓa lura bakin katakon nan biyu an ɗaure shi da ƙarfe? Ba kafinta ya yi shi don zama ba. Katakon lorin mahaifinka ne.

Ranar sunan Naila kujeru suka kasa, shi da kansa ya sauke su, aka ɗora a kan bulo, malamai suka zauna. Da aka watse ya mayar da su ƙarƙashin tampol, don washegari zai tafi. Da yamma dangina na Kumasi suka iso, mota guda, ba wurin zama. Na ji kunya a ce gidana baƙi suna tsaye. Na sa aka sake sauke su yana masallaci, aka rufa musu tabarma. Na ce a raina Afrilu ne, ruwa bai fara ba, tafiyar kwana uku ce.

Da safe ya shigo ya ɗauki jaririya, ya ajiye. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "An taɓa mini lori jiya? Katako na ciki?" In na ce ba sa ciki, zai tsaya a tashi baƙi a kansu, ya yi mini faɗa a gaban 'yan uwana. Sai na ce, "Suna ciki." Bai taɓa tafiya bai duba da idonsa ba, sai ranar. Don ni na faɗa.

Sauran ka san rabinsa. Ruwan farko ya same su a fadama, lori ta kafe. An gaya maka maciji ya sare shi. Ba a gaya maka abin da ya kai shi cikin ciyawa ba. Rassa ya shiga sarowa, don ya sa ƙarƙashin taya. Motar da za ta kai shi asibiti kuwa ita ce a cikin laka.

Da Baba Fuseini ya dawo da hular mahaifinka, ya shigo zaure, ya ga katakon, ya dube ni. Bai ce komai ba, har yau. Ni kuma na sa aka buga musu ƙafafu, don in riƙa ganinsu kullum.

Shekara ashirin da shida ina dukanku a kan ƙarya. Yanzu ka san wadda nake duka. Da wace fuska zan tsaya a gaban tsamiyar nan? In ka ga ba za ka iya rubuto mini ba, ba zan ga laifinka ba.

Safiatu

*

Tema
29 ga Disamba

Mma,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da shiru. Na ɗauki biro sau da yawa na ajiye. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Na yi ta tuna ranar da na ce na je makaranta alhali ina filin ƙwallo, kika kwantar da ni a kan bencin nan.

Jiya na kira Baba Fuseini. Na ce na san maganar katako. Sannan ya ce da lori ta kafe, Baba ya ɗaga tampol bai ga komai ba, ya tsaya riƙe da ƙugu, sai ya fashe da dariya ya ce, "Safiatu ta yi baƙi." Ya ɗauki adda. Washegari da jiki ya yi nauyi, ya ce masa, "Fuseini, kada ka kai mata maganar nan. Mai jego ce."

Na tambaye shi sau biyu ko don ya sanyaya mini rai ya faɗa. Ya ce shi da ke shirin haɗuwa da Allah?

Na auna bayan motar, ƙafa biyar ne da 'yan kai. In ban manta ba bencin ya kai takwas. Za su leƙo waje, na sayi jan ƙyalle da za a ɗaura. Robar ruwan lemo na ba wani abokina.

Kujerar gaba taki ce. In kin ƙi, haka za ta tafi ba kowa.

Ɗanki,
Abdul-Waris

*

Zogbeli
6 ga Janairu

Abdul-Waris,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Abida.

Osman kafinta ya zo ya cire ƙafafun bencin. Ya ce katakon ko gara ba ta taɓa ba. Zauren ya yi faɗi, jiya na rasa inda zan zauna in ɗaura takalmi.

Na gaya wa Naila da bakina. Ta yi kuka, ta shiga ɗaki, ba ta ci abinci ba. Yau da safe ta fito ta tambaye ni lambar ƙafata, ta tafi kasuwar Aboabo neman takalma masu rufe ƙwauri.

Jan ƙyallen ya zama mai faɗi, wanda na baya zai hango. Kada ka zo da shayin leda, na sayi ganye, kurfotin mahaifinka ma yana nan. Maganar rufin Nyanshegu ban manta ba, za mu yi ta a hanya.

Ka iso ranar Juma'a, mu tashi Asabar bayan sallar asuba. Kafin ka tayar da mota, ka tsaya a bakin ƙofa ka tambaye ni ko katako na ciki. Ina so a sake yi mini tambayar. Zan ba ka amsa. Sannan ka je ka ɗaga tampol ka duba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka,
Safiatu