Gwaji na Sha Tara

Ƙofar Guga, Katsina
Litinin

Zuwa ga matata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ya ƙafar Inno? Ya mutanen Daura baki ɗaya?

Na ba direba takardar nan ne don bakina ya kasa faɗa maki a waya. Kin san aikin da ya ci mani shekara biyar: in cakuɗa garin jan ƙarfe da zaren kabon, wanda ido ba ya gani saboda siranta, in matse, in gasa, ya fito da ƙwari kuma bai daina ɗaukar wutar lantarki ba. To, jan ƙarfe ba ya son kama kabon. Sau ɗaya tak ya kama, a gwaji na sha tara, kuma a kanshi na ɗora digirina na dakta gaba ɗaya.

Bara'atu, ya ƙi maimaituwa. Sau talatin da ɗaya ina sakewa, kowanne sai ya rugurguje kamar ƙuli-ƙuli. Masu jarrabawa suna tafe Alhamis ta sama. Abokin aikina Malam Yari ya ce in ja bakina, babu mai tambaya. Don Allah ki taya ni da addu'a.

Mijinki,
Nu'uman

Laraba, bayan kwana tara

Bara'atu,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin? Allah Ya sauke ki lafiya.

Na raba ƙarfen gwaji na sha taran nan biyu, na aika rabi Zariya aka leƙa cikinshi da na'ura. Amsa ta iso jiya. Zaren a dunƙule yake wuri guda, daidai da sauran. Ashe injin awonmu ne ya yi kuskure ranar, ni kuma na gaskata don abin da zuciyata ke so ke nan.

Na zauna riƙe da takardar har la'asar ta kusa wuce ni, ina ta saƙa in yaga ta. Ban yaga ba. Gobe zan ajiye ta gaban masu jarrabawa da hannuna. Ko su ƙara mani shekara, ko su sallame ni. Wallahi ban san wata sana'a ba bayan wannan, ga haihuwa ta ƙarato.

Ki ce wa Inno ta dakatar da walimar digirin. Dalilin kuwa ki bar mani, ni zan durƙusa in faɗa mata. Abu guda nake roƙo: in na shigo ranar Juma'a, ki hana ƙannenki kirana Dakta.

Naki har kullum,
Nu'uman